A Auna Mutum Kafin a Sayi Keke

Jama'a, 'ya'yanmu da ke aiki a Doha sun kama hawan keke, kuma mun ji daɗi. Tun 2020 aka buɗe hanyar keke mai kilomita 33 a gefen titin Al Khor, ba mota, ba babur. Ga mai gudun hawan jini da ciwon suga, wannan alheri ne.

Yadda ake sayen keken ne ya dame mu. Yaro zai ga na hannu da araha a Souq Haraj, ya biya bai ko hau ba, wani ma ya aiko wa Baba da shi Nima ko Sabon Zongo. Keken doguwar tafiya kuwa awanni ake yi a kansa. In ya yi wa mutum girma, sai ya yi ta miƙewa neman hannun keken, wuya da baya su ƙage, tafin hannu ya yi sanyi. In sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ce ke shan wuya. Bayan wata ɗaya sai a jingine shi a soro, a ce keke bai karɓi Baba ba.

Awon ba wuya. A tsaya ba takalmi, a jingina da bango, a matse littafi tsakanin cinyoyi, a auna daga ƙasa zuwa samansa da tef ɗin tela. Kashi biyu cikin uku na awon shi ne kusan girman jikin keken: mai santimita 80 ya nemi na 53 ko 54. In ya tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa, yatsu biyu su shiga tsakaninsa da ƙarfen sama. In feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Wanda ya faɗa tsakanin girma biyu ya ɗauki ƙaramin, don ana ɗaga sirdi, amma ba a rage ƙarfe.

Iyayenmu dattawa, ku yi mana haƙuri: wanda ake kira keken mata, marar ƙarfen sama, shi ya fi dacewa da jallabiya da ƙugun da ya manyanta. Ba abin kunya ba ne, karaya ta fi shi ciwo.

Na Doha kuma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma. Ku bar hawan sai bayan asuba ko isha'i, da gorar ruwa.