Jinjina Ga Masu Duba Agogo a Bakin Gadon Mai Karkarwa

Kawuna manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Shekarun baya hannunsa na dama ya fara rawa in yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daina nuna fara'a ko fushi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Sai da aka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika aka ce masa cutar karkarwa ce, wadda likitoci ke kira Parkinson. Aka ɗora shi a kan ƙwayar levodopa sau huɗu a rana: shida na safe, goma na hantsi, biyu na rana, shida na yamma. Da ita yake zuwa masallaci da ƙafarsa, da ita yake riƙe ludayi ya sha kunu ba tare da ya zubar a riga ba.

A daminar da ta wuce zazzaɓi da amai suka kwantar da shi, aka ba shi gado a wani asibiti. Kwana ɗaya da yini sai jikinsa ya sandare kamar itace. Murya ta shige ciki, ko juyi ba ya iya yi, ruwa ma in an ba shi sai ya ƙware. Mu duka mun ɗauka zazzaɓin ne ya yi tsanani, har an fara kiran 'yan uwa na nesa. Wata malamar jinya da ta karɓi aikin dare ta tsaya ta dube shi, ta ɗaga hannunsa ta ji yadda ya ƙage, sannan ta juya ga matarsa ta ce, "Inna, a gida ƙarfe nawa da ƙarfe nawa kike ba Baba maganinsa na karkarwa?" Inna ta ce tun da suka zo ba ta ba shi ba, don an ce kada a haɗa maganin gida da na asibiti. Malamar ta buɗe takardunsa, ta ga allurar tsayar da amai da aka yi masa har sau biyu, ta kira likita a waya cikin daren. Aka dakatar da allurar, aka mayar da shi kan ƙwayarsa. Da hannunta ta rubuta sa'o'in nan huɗu a takarda ta manna a saitin kansa, ta sa ɗansa ya saita ƙararrawar wayarsa. Bayan kwana biyu Kawu ya tashi zaune ya nemi buta.

Wannan baiwar Allah nake yi wa jinjina, ita da takwarorinta da ke aiki a asibitocin Hunkuyi da Makarfi da Ikara, waɗanda mutum ɗaya kan kwana yana kula da gadaje masu yawa, wani lokacin da fitilar waya, amma duk da haka ya samu sararin tambayar dattijuwa abin da take yi a gida. Tambayar nan ita ce ta ceci Kawu, da ikon Allah.

Ga dalilin da ya sa sa'a take da nauyi haka. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin dofamin, wanda shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul. A mai wannan cuta ƙwayoyin suna mutuwa a hankali. Levodopa tana shiga ƙwaƙwalwa ta rikiɗe ta zama dofamin ɗin da aka rasa, sai dai ba ta daɗewa: cikin kamar minti 90 rabinta ya bar jini. Wanda ya shekara da shekaru yana sha, jikinsa kan koma dogaro da kowace ƙwaya a sa'arta, kuma sa'ar kowa daban ce, likitansa ne ya daidaita masa ita bayan gwaji. Asibiti kuwa yana da nasa lokutan zagayen raba magani, ɗaya ga kowa. In an rubuta "sau huɗu a rana" kawai, ƙwayar ƙarfe goma tana iya kaiwa azahar. Ga mai shan maganin tsutsar ciki wannan ba komai ba ne. Ga mai karkarwa, jinkirin nan shi ke jawo faɗuwa a hanyar banɗaki, ko ƙwarewa da abinci har ya gangara huhu ya zama limoniya. In kuwa aka yanke maganin gaba ɗaya farat ɗaya, yana iya kawo sandarewar jiki da zazzaɓi mai zafi da gushewar hankali, har ya kai ga rai. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2018 ta ce a ba mai wannan cuta levodopa cikin minti 30 na lokacin da aka rubuta masa. Mu da muka tashi da sanin bambancin salla a kan lokaci da ramuwa bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba, illa dai shi maganin nan ba a rama shi da ninki.

Jinjina ta biyu ta masu jinya ce, matan aure da 'ya'ya mata da jikoki masu shimfiɗa tabarma a gindin gado. A asibitocin Turai ana ta fama a bar majinyaci ya riƙe maganinsa ya sha da kansa. Mu a nan dama mai jinya ne ke sayo magani, shi ke ajiye shi a jaka, shi ke kwana da mara lafiya. Inna ba ta yi boko ba, amma ta fi kowa a ɗakin nan sanin lokacin da ƙwaya ta fara sakin mijinta, tana gani a yadda yake ɗaga ƙafa. Wannan sani dukiya ce da asibiti ke samu kyauta, in ya tambaya.

Haka kuma likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Shika da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, 'yan kaɗan da ke ɗauke da jama'ar jihohi da yawa, sun cancanci yabo. Kuma ba a bar Najeriya a baya wajen bincike ba: a 2023 masana, ciki har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka, kuma da yawa daga cikin masu cutar da aka yi binciken da su 'yan ƙasar nan ne.

To, amma da sauran aiki, kuma babba. Abin da ya faru da Kawu dace ne: malamar da ta sani ce ta faɗo a aikin daren. Da wata ce da ba a taɓa koya mata ba, ba laifinta ba ne, amma da labarin ya sauya. Bai kamata ran dattijo ya rataya a kan jadawalin aiki ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne magungunan da ke toshe hanyar dofamin, domin su ne mafi kusa da hannu a kowane ɗakin jinya da kowane kemis. Metoclopramide, wanda aka fi sani da Plasil ko Maxolon, da Stemetil, da Phenergan, ana ba da su don amai ko jiri. Haloperidol da Largactil kuwa ana yi wa wanda ya rikice yana sambatu da dare. Tsoho mai karkarwa da ke fama da zazzaɓi yana iya yin amai, yana iya yin sambatu, don haka duk ƙofofin nan a buɗe suke gare shi. Akwai madadinsu, irin su domperidone da ondansetron, waɗanda likita zai auna ya zaɓa. Takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen nan, manne a bangon ɗakin ma'aikatan jinya, ba za ta ci ko kuɗin buhun siminti ba.

Sai maganar tiyata da hana cin abinci. In an ce kada a ba mara lafiya komai ta baki, a tambayi likita a fili ko har da levodopa, domin galibi ana barin a sha ta da kurɓin ruwa. Wanda ya kasa haɗiya, ana iya daka ƙwayar a ba shi ta robar hanci, banda irin wadda aka yi don ta riƙa narkewa a hankali, ita ba a daka ta.

Mu ma 'yan dubiya da namu. Mukan cika ɗaki da fura da nono da farfesu da ƙosai, don ƙauna. Nama da wake da nono da ƙwai suna gogayya da levodopa wajen shiga jini da ƙwaƙwalwa, don haka ga mutane da yawa ya fi kyau a sha ƙwayar rabin sa'a kafin abinci, ko sa'a guda bayansa. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma tana rage mata ƙarfi, a raba su da sa'a biyu ko fiye.

Duk wannan kuma sai in akwai maganin. Levodopa tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, hukumar da ta ce a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5 a duniya. Amma mu sai mun shiga Zariya muke samo wa Kawu, wani lokacin har Kano. Ina roƙon hukumar samar da magunguna ta Jihar Kaduna, KADHSMA, da ta inshorar lafiya, KADCHMA, su tabbatar ana samunsa a manyan asibitocin Hunkuyi da Makarfi da Ikara, ko da kwali kaɗan ne na gaggawa. Ina kuma roƙon malaman makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, wadda ɗalibanta ke cika asibitocinmu, su ware wa wannan batu darasi guda kafin yaran su fita.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai karkarwa a gidanku kuma aka ce za a ba shi gado, ka ɗauki maganinsa a cikin kwalinsa, ka rubuta sa'o'in da yake sha da lambobi manya-manya, ka miƙa wa malamin jinya na farko da ya karɓe ku. In an canza aiki, ka sake faɗa wa wanda ya shigo, cikin ladabi, ko da za ka maimaita sau uku a yini.