Ujamaa: Ƙauyukan da Aka Zana a Ofis

Ko masu adawa da Julius Nyerere, tsohon shugaban Tanzaniya, sun shaide shi da tsarkin hannu. Malamin makaranta ne, mutanen Tanzaniya na kiransa Mwalimu, kuma da kansa ya sauka daga mulki a 1985. Shi ya sa labarin Ujamaa, shirinsa na tara manoma a ƙauyuka, ya fi ciwo, don mutumin kirki ne ya zauna ya tsara wa miliyoyin mutane yadda za su rayu.

A 1967 ya bayyana burinsa. Manoman da ke warwatse a karkara za su taru a ƙauyuka su yi noma tare, gwamnati kuma ta kawo musu makaranta da asibiti da ruwan sha. Da farko an ce sai wanda ya ga dama. Da jama'a suka yi ta jan ƙafa, a 1973 aka mai da abin dole. Cikin 'yan shekaru aka kwashe miliyoyin mutane, wasu a manyan motoci, wasu bayan an banka wa bukkokinsu wuta.

Jami'an gwamnati sun so a jera gidaje a bakin titi, inda za a iya ƙirga su a kai musu kaya. Ba su san wace ƙasa ce ke riƙe ruwa ba, ko inda shanu ke samun ciyawa da rani. Manomin da aka tayar ya sani, amma ba wanda ya tambaye shi. Gona ta yi nisa da gida, fari ya faɗo, sai ga ƙasar tana sayen hatsi daga waje.

A faɗi gaskiya, an ci riba ta wani gefen. Yaƙi da jahilci ya yi nasara, Suwahilanci ya haɗa ƙabilu fiye da 100. Makaranta da rijiya gwamnati na iya tsara su a takarda. Zaman tare da amana kuwa sai mutane sun yarda da kansu.

Hujjar tana Ruvuma, a kudancin ƙasar. Tun farkon shekarun 1960 manoman Litowa da ƙauyukan kusa suka haɗa kai don raɗin kansu, suna noma tare, suna da makarantarsu da injin niƙansu, su ke zaɓar shugabanninsu. Nyerere da kansa ya yaba musu. Amma manyan jam'iyyar TANU mai mulki a lokacin ba su lamunci ƙungiyar da ba ta ƙarƙashinsu ba, a 1969 suka rushe ta, aka ƙwace kadarorinta.