Shimfiɗar da Faifai ke Kwana a Kai

Masu adana tsofaffin faya-fayan garmaho suna ba ni mamaki. Mutum zai zauna yana goge faifan Shata kamar ƙwai, sannan ya ɗora shi a kan shimfiɗar roba da ta yi danƙo, ƙurar hunturu ta liƙe mata. Ai duk aikin ya tashi a banza, domin wannan dattin ne ke shiga ramukan faifan, allura ta bi ta kai tana ƙaraf-ƙaraf. Gyaran kuwa ba wuya. Irin robar nan mai kauri ta Technics SL-1200, injin da ya fito a 1972, a cire ta, a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa har ta bushe ƙarau. Ban da fetur, ban da kananzir, ko da makaniken unguwa ya rantse a kansu. Cinye roba suke yi. Shimfiɗa ta gashi kuwa ba ta son ruwa, kakkaɓewa ake yi. In an wanke danƙon ya dawo, robar ce ta tsufa ta fara narkewa, sai a nemi sabuwa.