A Miƙa Tashar Baro Ga Masu Bukatarta

Jama'ar Arewa, musamman 'yan kasuwa, manoma da masu dako, lokaci ya yi da za mu tashi mu nemi tashar jiragen ruwa ta Baro ta dawo hannunmu.

Baro tana bakin kogin Neja, a ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Daga nan aka fara shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, domin Turawa sun ga ruwa ne hanya mafi araha ta fitar da kayan ƙasarmu. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tafiyar kilomita 572. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar, bayan ta ci kusan naira biliyan 6. Aka yi biki, aka watse. Sito yana nan, filin ajiye kwantena yana nan, na'urar sauke kaya tana tsaye cikin rana da ruwan sama, amma shekaru suka shuɗe babu jirgin kaya da ke zirga-zirga. Aikin titin Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ya yi ta jan ƙafa, layin dogon da ya haɗa Baro da Minna kuwa ya daɗe da mutuwa.

A daidai wannan lokaci, ɗan kasuwar Dawanau yana loda riɗi a tirela, ya tura ta tashar Apapa, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Ya biya kuɗin gas, ya biya a shingayen hanya, ya biya kwanakin da motar za ta yi a layi kafin ta shiga tasha. Duk wannan daga farashin da za a ba manomin Jigawa ake zaftare shi.

Me ya kashe Baro? Ba ta da mai ita a kusa. Tashar tana hannun hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, titi yana hannun wata ma'aikata, layin dogo yana hannun wata, kowa yana jiran kasafin Abuja. A cikinsu babu wanda zai yi asarar ko sisi idan tashar ta ƙara shekara a rufe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce mana tsarin mulki ya ajiye tashoshin ruwa a hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Haka ne. Amma layin dogo ma haka yake, sai da gyaran 2023 ya ba jihohi dama. Kuma ko kafin a taɓa kundin akwai hanya: gwamnatin jihar Legas tana da hannun jari a tashar Lekki, an kuma ba wani kamfani jinginar tashar Anaca na shekara 30. To me zai hana a ba jihar Neja Baro, ta haɗa gwiwa da kamfanin NNDC na jihohin Arewa 19, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masarautun Nufawa da ke bakin kogin?

Sai dai kada mu karɓi kango. Kogin Neja yana ja baya da rani, yashi yana dawowa, yasa kuma aiki ne na kullum mai cin kuɗi. Lokacin da Kanada ta fara miƙa ƙananan tashoshinta ga larduna da garuruwa a 1996, ta haɗa da asusun kuɗin gyara. Mu ma haka za mu nema: a kammala titi, a farfaɗo da layin dogo, a rubuta a yarjejeniya wanda zai riƙa yashe kogin, sannan a miƙa. Kuma duk wanda ya karɓa ya riƙa buga lissafin shiga da fita kowace shekara, don kada ta koma saniyar tatsar 'yan siyasar jiha.

Shugabannin kasuwannin Kantin Kwari, Singa da Dawanau, ku rubuta takarda guda ku kai wa gwamnoni. Masu tireloli da 'yan dako, ku sa hannu. Matasa, duk sanatan da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi a gaban jama'a abin da ya yi kan Baro, kuma kada ku bar shi ya tafi sai ya ba da amsa.