Dokar Tumatir Ta Tsaya A Apapa

A 2016 manoman rani na Janfalan da sauran ƙasar Ikara sun sha duka biyu. Tattalin arziki ya karye, naira ta faɗi, ga tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu.

Gwamnatin tarayya ta motsa, a yi mata adalci. Tun 2015 Babban Banki ya sa tumatirin gwangwani cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dala a farashin gwamnati. A 2017 aka ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, aka ƙara dala 1,500 kan kowane tan. Ina bayan wannan mataki. Manomin da ke ban ruwa da ɗan injinsa ba zai iya karawa da kamfanonin Sin ba.

Sai dai dokar ta tsaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ba ta iso fadama ba. Masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta buɗe a 2016, ba a jima ba ta tsaya don rashin tumatir. Tamu ta Ikara, da aka kafa tun 1981, ta shafe shekaru a kulle. Harajin kwastan bai hana a sayar wa manomi jabun maganin feshi ba, bai taɓa taki mai gauraye da yashi ba. Tumatir ya yi yawa a Fabrairu, kwando ya faɗi warwas, sai a yanka a shanya kauda a bakin titi, ƙura na bi ta kai. Wanda ya yi ƙarfin halin lodi zuwa Legas kuwa, kowane shinge da rasit ɗinsa, kayan gwari kuma ba sa jira.

Sannan a Oktoban 2023 Babban Banki ya janye hanin dalar. Wane mai jari ne zai zuba kuɗinsa a kan dokar da ke sauyawa da sauyin gwamnan banki?

Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, wannan kam a hannunku yake. Ku haɗa rasit ɗinku ya zama guda, ku gayyato NAFDAC ta shiga rumfunan masu maganin feshi kafin a dasa irin bana.