Riƙon Maraya da Takarda a Hannu

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Danko-Wasagu da Sakaba, marayu sun yi yawa a ikilisiyoyin Kebbi. Iyalai a Jega, Aliero da Maiyama, har ƙauyuka irin su Alelu, sukan buɗe ƙofa su karɓi yaro ba tare da tunanin hukuma ba. Haka muka tashi muka gani, haka kuma Mordekai ya riƙe Esta, 'yar kawunsa. Amma riƙon baka ya daina isa, musamman idan yaron ba danginmu ba ne.

A Disamba 2019 jami'an tsaro suka kwashe yara daga gidan marayu na Du Merci a Kano da Kaduna, aka kama mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa. Kotu ta wanke shi daga zargin satar yara a 2021, amma da yawa cikin yaran sun shafe shekaru a gidan yara na gwamnati. Kada mu manta, watanni kaɗan kafin wannan kamu aka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Onitsha. Zargin da maƙwabtanmu Musulmi suke yi yana da tushe, ko da ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce kotu ce take ba da izinin riƙo. Mai nema ya kai shekara 25, ya girme yaron da shekara 21, yana da lafiya da abin ciyar da shi. Riƙo kuwa ba ya yanke yaro daga danginsa. A nan ne wasunmu suke tuntuɓe: a canja wa yaro suna, a ɓoye masa asalinsa, wani ma ya zama mai tallan gida yayin da 'ya'yan cikin gida suke makaranta. Wannan ba riƙo ba ne, ɗaukar ɗan aiki ne kyauta.

Shawararmu ga dattawa ita ce, kafin yaro ya kwana a gidan ɗan ikilisiya, a sanar da mai unguwa, a nemi danginsa su sa hannu gaban shaidu, sa'an nan a kai maganar ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Idan iyayensa Musulmi ne, a fara neman danginsa su karɓe shi, mu kuwa mu taimaka musu da hatsi da kuɗin makaranta.