Bushara, Hawaye da Haƙƙin Ɗan'uwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, akwai wata bushewar zuciya da ke neman shigarmu da sunan tsantseni. Idan Allah Ya yaye wa ɗan'uwa wani ƙunci, farin ciki ya rinjaye shi har ya zubar da hawaye, sai wasunmu su ɗauke shi mai rauni. Muna gaggawar zuwa ta'aziyya, amma ƙafafunmu suna nauyi wajen zuwa barka. Wannan ba tafarkin magabata ba ne.

Mu dubi ƙissar Ka'abu bin Malik (R.A.) wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A shekara ta 9 bayan hijira bai fita yaƙin Tabuka ba, kuma ya faɗi gaskiya cewa ba shi da uzuri. Aka ƙaurace masa tare da Murara bin Rabi'u da Hilalu bin Umayya har kwana 50. Ko ɗan baffansa Abu Ƙatada bai amsa masa sallama ba. Bayan sallar asuba ta ranar ƙarshe, wani mutum ya hau dutsen Sal'u ya ɗaga murya yana yi masa albishir da karɓar tubarsu, wadda aka ambata a aya ta 118 ta Suratut Tauba.

Nan take Ka'abu ya faɗi yana sujada. Ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai bushara tukuici, ya ari wasu ya sanya. Mutane suka riƙa tararsa jama'a-jama'a suna yi masa barka. Da ya shiga masallaci, Ɗalha bin Ubaidillahi ya tashi da sassarfa ya yi musafaha da shi, Ka'abu kuwa bai taɓa mance masa wannan ba. Babu wanda Annabi (S.A.W.) ya tsawata wa, fuskarsa ma haske take yi don murna.

Sai dai murna tana da iyaka. Ka'abu ya so ya sadaukar da dukiyarsa duka, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya riƙe wani sashe, sai ya riƙe rabonsa na Haibara. Ashe shari'a ba ta hana zuciya motsi, amma tana hana mutum yanke hukuncin da zai cutar da shi da iyalinsa a lokacin da farin ciki ya rufe masa ido. To ina ga wanda zai ci bashi don tara makaɗa da maroƙa, ya cakuɗa maza da mata, wai shi mai godiya ne? Ba a gode wa Allah da saɓonSa.

Saboda haka, idan alheri ya same ka, ka fara da sujadar godiya, kada ka ji kunyar hawayenka, kuma ka jinkirta manyan alkawura har hankalinka ya natsu. Idan kuwa ɗan'uwanka ya samu, ka riga kowa isa gare shi, musamman wanda ya tuba ya dawo kan sunna, domin shi ya fi buƙatar hannun da zai karɓe shi. Wanda ya ji nauyin yin haka, ya binciki zuciyarsa, kada hassada ta yi masa kwanton ɓauna.

Allah Ya sa mu dace, amin.